Hannu a Kafaɗar Mai Kanzagi

Jama'a suna ganin makaɗa ne a fili, sun sha anko, suna murmushi kamar ba su taɓa faɗa da kowa ba. Ni kuwa a bayan motata na san su. Na daɗe ina jan a-kori-kura tsakanin Batsari da Safana, ina ɗaukar buhunan gero da wake da awaki, har ranar da Sarkin Kiɗan unguwarmu ya tare ni a bakin masallaci. Ya ce direbansu ya sayar da motarsa, ko zan riƙa kai su wasa? Na amsa nan take, don na ɗauka kaya ne kamar kowane kaya. Ashe akuya ta fi makaɗi sauƙin lodi.

Su bakwai ne, makaɗan noma. Sarki shi ke riƙe da babbar ganga, shi ke kuma waƙa. Akwai masu ganga biyu da ke bin sa, da 'yan amshi biyu, da sanƙira mai shelanta sunayen mutane da kirarinsu. Na bakwai wani dattijo ne siriri mai buga kanzagi, wanda dukanmu muke ce wa Baba. Tun zamanin mahaifin Sarki yake cikin ƙungiyar.

Abin da ya fara haɗa ni da su shi ne lodi. Ba a ɗora ganga a kan ƙarfen mota. Sai an shimfiɗa tabarma, an ɗora tsohon bargo, an kwantar da gangunan an tokare su da tsumma, sannan mutane su nemi inda za su raɓa. Wata rana ruwa ya kama mu muna dawowa daga Wagini. Na leƙa madubi sai na ga mai ganga ta biyu ya tuɓe rigarsa ya lulluɓe gangar, shi kuwa yana zaune daga shi sai wando, yana karkarwa. Da muka iso na ce masa, “Da matarka ce a motar nan, za ka ba ta rigar?” Ya dube ni kamar mai lissafi, ya ce, “Ita ai in ta jiƙe muryarta ba ta mutuwa.”

Gaskiyarsa kuwa. Da damina fatar ganga takan sha sanyi ta saki, muryarta ta dushe. Saboda haka kafin a tashi sai an jera gangunan a rana. In babu rana a kunna kara, a riƙa juya su daga nesa kamar ana gasa masara. Sarki ya ƙwanƙwasa da yatsa, ya kara kunne, ya girgiza kai ya ce, “Ba ta farka ba.” Ni kuma ina cikin mota ina danna hon, raina yana tafasa. Allah ya yi ni da gajen haƙuri, ban ɓoye wa kowa ba. Amma ina da hujjata. Tun da ɓarayin daji suka lalata mana hanyoyi, wasa ya koma na rana tsaka, kuma duk direban da ya san ciwon kansa yana son ya ga ya shigo gari kafin rana ta yi ja. In na cika hon, Sarki ya ɗago ya ce, “Direba, sauri ya haifi nawa.” Ya koma kan gangarsa kamar bai san da ni ba.

A hankali na daina zama cikin mota, na fara shiga zauren Sarki inda suke gwaji da hantsi. A nan na gane cewa abin da mutane ke kallo a fili kan ganga ne kawai, gindin yana zaure. Ba su da takarda, ba su da biro. Kwana biyu kafin wasa sanƙira zai hau babur ya tafi ƙauyen da aka gayyace su, ya zauna da tsofaffi, ya ji wane ne ɗan wane, wace gona ce ta wa, su wa ba sa ga-maciji da juna don kada a jera sunayensu kusa. Ya dawo da duka a kansa. Kowane gidan manoma na kirki yana da takensa, wato kiɗan da in an buga kowa ya san da su ake. Ka buga wa mutum taken wani, ka ja wa kanka abin da ba za ka iya wankewa ba.

Sarki zai kawo baitin waƙa, 'yan amshi su karɓa su tauna shi. In ya fi ƙarfin numfashi ɗaya su ce a rage. Ya ce ba za a rage ba. A yi ta ja har sai an rage, sannan ya ce da ma haka ya yi niyya. Na ga manyan mutane masu jikoki sun kusa ba hamata iska a kan bugu ɗaya tak, ko ya faɗo kafin kalma ko bayanta. Ranar wasa ba mai shan ruwan sanyi cikinsu, sai citta da kanumfari a aljihu. A fili kuwa magana suke yi da juna ba wanda ya sani. Sarki yana iya zagin mai ganga ta biyu da gira ɗaya, alhali bakinsa yana wasa wani manomi, fuskarsa cike da fara'a. Ni da na san abin, sai in tsaya a gefe ina dariya ni kaɗai. Wallahi sun burge ni, kuma har yau suna burge ni.

Baba ne kaɗai ban ga amfaninsa ba. Kanzagi wata 'yar ƙaramar ganga ce da ake ratayawa a wuya, ba ta fi kwanon sha girma ba, ana bugun ta da wasu 'yan igiyoyin fata guda biyu. Ba ta faɗin taken kowa, ba ta hawa ba ta sauka. Abu ɗaya take maimaitawa tun daga farko har ƙarshe. Ba wanda ya taɓa ratsa fili don ya yaba wa mai kanzagi. Ga shi kuma saboda girmansa shi ake ba gidan gaba kusa da ni. Wata rana a zaure, Baba ya fita alwala, bakina ya suɓuce.

“Sarki, wai ɗan kwanon nan da Baba ke bugu, me yake ƙarawa?”

Da Baba ya dawo suka ɗauki kiɗa. Sai da ya yi daɗi, har ƙafata ta fara motsi, sannan Sarki ya miƙa hannu ya dafe kanzagin. Gangunan uku suka ci gaba. Ba su yi nisa ba na ji abin ya fara tangal-tangal. Ɗaya ta yi gaba, ɗaya ta ja baya, 'yan amshi suka shigo ba a wurin shiga ba, kamar shanun huɗa da aka cire wa karkiya. Sarki ya ɗauke hannunsa. Baba ya buga sau huɗu, kowa ya koma layinsa.

“Ka ji abin da shike ƙarawa?” in ji Sarki. “Mu duka bisa gare shi muke tahiya.”

Tun daga ranar na kama bakina. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Da yake ni ke zama da shi a gaba, ni na ɗauka na fara gano cewa kunnen Baba ya tafi. Zan yi ta ba shi labari tun daga Batsari har Wagini, tsadar mai, ciwon bayan uwargidana, duk abin da na faɗa sai ya ce, “Alhamdu lillahi.” Ranar da na ce masa tayar baya ta kusa fashewa ya ce “Alhamdu lillahi,” na san akwai magana. Na ja Sarki gefe na gaya masa, ina jin kaina kamar wanda ya kawo babban labari.

Ya dube ni ya ce, “Damina biyu ke nan mun sani. Kai ne na ƙarshe.”

Sai ya buɗe mini yadda suke yi. Farawa ba matsala ba ce, don Baba ne ke farawa, su bi shi. Riƙewa ma ba matsala, don kiɗan a jikinsa yake, ba a kunnensa ba. Tsayawa ce matsalar. Saboda haka duk inda za a yi wasa, Sarki yakan tsaya gaban Baba ta hannun hagu, inda zai gan shi sosai. In za a tsaya, ya ɗaga gularsa, wato sandar kiɗan, ta wuce hularsa. Ba su taɓa zama sun tsara haka da Baba ba. Shi yana ɓoye musu, su kuma suna ɓoye masa cewa sun sani. Ba mai ɗaga murya in yana magana da shi. Sai dai su fuskance shi, su yi maganar a hankali, su taimaka da hannu kamar da ma haka suke magana.

“Ranar da ya gane mun sani,” in ji Sarki, “ranar za shi aje kanzagi. Na san halinshi. Ka riƙe bakinka, Direba.”

Bakina na riƙe. Ƙafata ce ban riƙe ba.

Da kaka ne, an gama yankan gero, mutanen Karare suka gayyace su wasa a filin da ke kusa da masallaci. An cika, manoma suna ta shiga ana buga musu takensu. Ni kuwa hankalina yana kan rana. Tun da safe na ji ana raɗe-raɗin an ga baƙin babura a wani daji, kuma ga inuwa ta fara tsawo. Na yi wa sanƙira alama bai gani ba. Na yi wa Sarki alama ya kau da kai. Raina ya ɓaci, na ratsa fili na je har gabansa, na kara bakina a kunnensa ina ce masa lokaci ya tafi. Ban lura da inda na tsaya ba. Tsakaninsa da Baba na tsaya, da ƙatuwar rigata.

Daidai nan ladan ya ɗauki kiran la'asar a lasifika. Kowane makaɗi ya san wannan tun kafin ya san riƙon gula: in aka ce Allahu Akbar, hannu ya mutu a inda yake, ko da an ɗaga shi sama. Sarki ya ɗaga gula ta wuce hula. Ganguna suka ɗauke ɗif. Fili ya yi tsit.

Sai kanzagi shi kaɗai. Kar-kar-kar, kar-kar-kar, yana tafiya tare da kiran salla.

Ban san tsawon lokacin da ya ɗauka ba. Wataƙila bai kai a sha ruwa ba, amma ni na ji kamar yini guda. Wani daga cikin taro ya daka tsawa, “Kai, tsoho! Ba ka jin kira?” Na juya na matsa gefe. A lokacin ne Baba ya ga gular Sarki a sama, ya ga idanun mutane a kansa, ya ga wasu sun nufi butoci. Hannunsa ya tsaya. Ya dubi igiyoyin da ke hannunsa kamar wani ne ya ba shi riƙo. Ban taɓa ganin kunya ta rufe dattijo irin ta ranar ba, kuma ni na jawo masa.

Muka yi salla, muka yi lodi. Na buɗe masa ƙofar gaba, ya wuce ni ya hau baya ya zauna cikin ganguna. Har muka iso Batsari ba mu ga ko babur ɗaya a hanya ba. Washegari da safe ya aika wa Sarki da kanzagin a naɗe cikin wani tsohon rawani. A wurin makaɗa wannan ba ya bukatar bayani.

Sarki bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya nemo wani makaɗi daga Safana, gwani ne, hannunsa kamar walƙiya. Aka yi wasa biyu da shi. Jama'a ba su ga bambanci ba, amma a mota kowa fuskarsa a ɗaure, ba mai tsokanar wani. Shi kansa baƙon ya ce wa Sarki, “Ni bugu nake yi ina bin ku. Shi tsohon ku kuke bin shi.”

Na yi watanni abin yana cina, sannan na tafi gidan Baba da hantsi. Na same shi a ƙofar gida yana gyaran igiyar guga. Na durƙusa na gaishe shi, ya ce “Alhamdu lillahi.” Na ga in dai haƙuri na zo bayarwa, to dole ya ji shi. Sai na yi abin da ba wanda ya taɓa yi masa. Na matsa kusa da kunnensa na ɗaga murya iya ƙarfina.

“Baba, ka yafe mini! Ni na tare maka Sarki!”

Ya ɗan ja baya ya ƙura mini ido. Ya gane abin da ihun nan yake nufi.

“Tun yaushe kunka sani?”

Na ɗaga masa yatsu biyu, na nuna sama, wato damina.

Ya ajiye igiyar gugan. Can ya ce, “Ashe ɗauke da ni suke, kamar kaya.”

Na yi ihu na ce ba haka ba ne, su ne ke bin sa. Ya girgiza kai.

“Direba, kai ka hau motar da ba ta da birki? Farawa kowa ya iya. Makaɗin da bai iya tsayawa ba, ba makaɗi ba ne. Na buga kanzagi bisa kiran Ubangijina, mi ya rage?”

Na koma na gaya wa Sarki duk yadda muka yi, har da cewa na fasa ƙwan. Na zaci zai yi faɗa. Sai ya ce, “To, tunda an hwasa, sai a soya.”

A lokacin damina ta sake kamawa. Mutanen wani ƙauye kusa da Runka, waɗanda suka yi shekaru suna zaman gudun hijira a Safana, sun yi niyyar komawa su nome gonakinsu da gayya, su gama da wuri su fito. Sun aiko suna son a yi musu kiɗa. Ana saura kwana uku, Sarki ya ce in kawo mota da safe. Muka yi lodi, na tambayi inda za mu, ya ce ƙofar gidan Baba.

Suka sauke ganguna suka jera su a rana daidai inda yake zaune. Suka gaishe shi, ya amsa a daƙile. Sarki ya ajiye kanzagin a kan tabarma, har yanzu cikin rawaninsa, bai ce masa ga shi ba. Da fata ta farka suka rataya suka fara kiɗa, ba kanzagi. Kamar yadda na taɓa ji a zaure, ba a yi nisa ba abin ya wargaje. Har yau ina zargin mai ganga ta biyu da ƙara gishiri, ko da yake ya rantse bai ƙara ba.

Baba ba ya jin su. Amma yana ganin su. Yana ganin guloli uku suna sauka kowace da lokacinta. Ya kau da kai, ya sake dubawa. Na ga yatsunsa sun fara motsi a kan gwiwarsa. Maƙwabta suka fara leƙowa. Can sai ya miƙe tsaye.

“Kai! Wane irin shirme ne wanga a ƙohwar gidana? Haka ubanka ya koya maka?”

Sarki, mutum mai furfura a gemu, ya sunkuyar da kai kamar an kama shi da satar gyaɗa. Baba ya warware rawanin, ya rataya kanzagin, ya buga sau huɗu. Komai ya zauna. Ni dai na juya baya na yi kamar ina duba taya, don idona ya kawo ruwa.

Da suka kai ƙarshe Baba ya cire kanzagin ya riƙe a hannu, ya ce ba zai sake shiga fili da ido kaɗai ba, don ido ana tare shi. Sai an ba shi wanda aikinsa ke nan, ya tsayar da shi. Sanƙira ya ce shi zai yi. Baba ya ce a'a, bakinsa ya yi masa yawa. Ya nuna ni da igiyar kiɗan.

“Wanda ya tare mani ido, shi za ya zama kunnena. Kana son tsayuwa gaban mutane, to koma baya.”

Haka na shiga gonar nan ta kusa da Runka, ni da ban taɓa buga ko gwangwani ba, ina tafe bayan Baba, hannuna na dama a kan kafaɗarsa. Manoma sun jeru da garemaninsu, ganguna suna bin su kunya bayan kunya. Kowa yana aiki yana satar kallon bakin daji, amma da aka buga taken gidan masu gonar, wani magidanci ya yar da hularsa ya yi kururuwa, ya shiga kaftar ƙasa yana hawaye. Ni kuwa abin da nake ji daban ne. Ta cikin ƙashin kafaɗar nan kiɗan yake shigowa tafin hannuna, bai ƙaru ba bai ragu ba, tun hantsi har rana ta take tsaka. Ranar ce kaɗai a rayuwata na manta da duba rana.

Da azahar ta yi, wani dattijo ya hau tudun gona ya sa hannu a kunne. Yana buɗe baki na matse kafaɗar. Kanzagi ya ɗauke tare da gangunan, bugu ɗaya, ba wanda ya riga wani. Baba bai juyo ba. Ya dai ɗora hannunsa a kan nawa, ya ɗan bubbuga.

Damina uku muka yi a haka. Bara, bayan an kai amfanin gona gida, Allah ya karɓi abinsa. Makaɗin nan na Safana ne ya gaje shi, kunnensa garau, ba ya bukatar hannun kowa. Na koma zama a gefe, ina jira a gama in yi lodi. Sai dai har yau, in ina tuƙi na ji an ɗauki kiran salla a wani ƙauye da nake wucewa, kafin in ankara hannuna na dama ya matse sitiyari, alhali babu wanda zan tsayar.